Yankakkiyar bindiga da rumbun Nomau

Affala, ashirin ga watan Mauludi

Daga hannun ubangidanka Manzo, ɗan kawunka, zuwa ga bawana Nomau mai fasa duwatsu a Arlit. Gaisuwa kaɗan, daidai ta bawa. Sauran na kai ma jakinka, don shi ke aikin gidan nan.

Mu dai lafiya lau. Uwarka, Gwaggo Tanna, ƙafa na damunta saboda sanyi, amma bakin garau shike. Jiya ta zage ni tun daga rijiya har ƙofar gida ba ta maimaita zagi ɗaya ba. Matarka Zaliha lafiya. Ɗiyarka ta fara tafiya, kuma Allah ya rufa mata asiri, ba ta ɗauko kunnuwanka ba.

Halin gari ka san shi. Bana ba wanda ya yanke abin kirki. Gidaje da yawa an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Kowace Litinin soji na kawo mota da jar dawa ta taimako, gari duka shi tashi shi yi layi tun hantsi har la'asar.

Bayan haka, zancen rumbunka. Tun da ka tafi ka ɗora mani hawansa, kowace Juma'a ina hawa in fiddo ma mata na mako, tun da mace ba ta leƙa rumbu. In na gama ina yin zane da gawayi a bangon ciki, daidai inda hatsi ya tsaya. Sau biyu ke nan ina komawa in tarar ya sauka ƙasa da zanen. Ba ɓera ba ne, don ɓera ba shi mayar da murfi shi ɗaure igiya. Na tambayi Zaliha, ta ce ba ta ga kowa ba. Na tambayi Gwaggo, ta ce in tafi in nemi aikin yi.

Ni dai na san ɓarawon. Cikinka ne ke tasowa daga Arlit shina yi mana yawo. In kuwa ba shi ba ne, kada ka damu, mun shirya. Zaliha da taɓarya take kwana a hannu, Gwaggo ta wasa wuƙar yankan kuɓewa, ni kuma na riga na zaɓi wurin ɓuya.

Ka aiko mani da agogo. Kunya ce a ce ubangida na tambayar lokaci alhali bawansa na ɗaukar albashi. Wassalam.

Arlit, 28 Disamba 1984

Zuwa ga Manzo. Gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda nike. Ka gaida tsohuwa, ka ce ta riƙa gasa ƙafar. Ka gaida Zaliha da yarinya.

Takardarka ta zo hannun direban da ke kawo mana siminti daga Tawa. Na karanta ta sau uku, kuma ban yi dariya ba. Na san bakinka, amma Zaliha ba matsoraciya ba ce. In har ta kai ga kwana da taɓarya, akwai abin da kuka gani kuke ɓoye mani. Nan kullum sai an kawo labari. Wani abokin aikina mutumin Bambeye, an fasa rumbunshi an kwashe har ƙaiƙayi, matarshi na kallo ba ta iya cewa komi ba.

Hatsin nan shekara biyu ina tara shi. Shi ne tsakanin mutum uku da barin gari. Ba zan iya barin aiki in zo in zauna gindin rumbu ba, in na bari kuwa akwai mutum hamsin a bakin ƙofa masu jiran wurina.

Direban ya gaya mani akwai wani tsohon maharbi a Tawa, Alhusaini, bayan kasuwar bisashe. Shina da bindigar farauta wadda anka yanke ma baki, kuma ba ta da katakon da ake dafa ma kafaɗa. Gajera ce, tana shiga ƙarƙashin riga. Na san zamanin soji ne, na san abin da ake yi ma wanda anka kama da ita. Na juya zancen har na gaji. Ba na son jinin kowa a ƙofata. Abin da nike so, in ta yi ƙara sau ɗaya sama, labari shi bazu cewa gidan Nomau ba a taɓa shi.

Ran Lahadi ka shiga Tawa ka gan ta da idonka. Kada ka saya tukuna. Ka rubuto mani yadda take, kuma don Allah wannan karon ka bar wasa a gida.

Agogo kuwa, wanda ba shi tashi sallar asuba mi za shi yi da shi?

Nomau

Affala, tsakiyar watan Rabi'u Sani

Zuwa ga bawana Nomau. Gaisuwa. Kowa lafiya, sai yarinya da ta yi zawo kwana biyu, ta warke.

Na fara da tuba. Zancen taɓarya ƙarya ce. Zaliha barci take har da minshari, wuƙar Gwaggo kuma ko kuɓewar ba ta yankawa. Amma saukar hatsi gaskiya ce, Juma'ar da ta wuce ma ya sake sauka.

Na shiga Tawa. Kasuwar bisashe ba ta ganuwa, Nomau. Saniya ce tsaye ana tallafe ta da itace, mai ita na roƙon a ba shi ko mudu nawa ne. Na sami Alhusaini a wata rumfa shina saƙar igiya. Da na faɗi sunan direba sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai anka aiko? Ba babba a gidanku?" Na ce babban namu na can shina fasa dutse, hankalin gidan ne ya zo.

Ya ja ni ɗaki, ya warware wata tsohuwar tabarma. Tsawonta daga gwiwar hannu zuwa yatsu, da ɗan ƙari. Baƙa ce, mai nauyi, sai ƙamshin man gyaɗa take. Ya ce katakon ya karye ne ran da ya faɗo daga raƙumi, bakin kuwa shi ya yanke da anka fara karɓar bindigogi, don ta shiga cikin jinka.

Na ce, "To ina ake dafawa?"

Ya ce, "Ba a dafawa. Ka riƙe da hannu biyu ka yi addu'a." Ya nuna mani babban yatsanshi, a karkace kamar lauje. Ya ce ita ta yi mashi.

Na ce, "Tana samun abin da anka nufa?"

Ya ce, "Yaro, da tana da katakonta, gada uku na tsaye ina zaɓen wadda nike so. Yanzu ba ta zaɓe. Duk abin da ke gabanta nata ne."

Ba kuɗi shike so ba. Ya ce naman dawa ya ƙare a dajin, gada ta ƙare, jikoki ne cike da gida. Hatsi shike so, ɗaukar jaki uku.

To ga abin da nike ta tunani a hanyar komawa. Ɗaukar jaki uku ya fi abin da ɓarawon ya ɗiba tun da ya fara. Wato mu kwashe ma kanmu abin da ba a kwashe ba, don kada a kwashe. Ga jandarma a bakin gari, har buhun kanwa sai sun soka ma ƙarfe, kuma yankakkiyar bindiga ba mai ba ta takarda. In anka kama, ni za a ɗaure, kai kana can kana shan ruwan firji.

Amma ba zan ɓoye maka ba, da na riƙe ta ban so in mayar ba. Ji na yi kamar na ƙara tsawo. Har na fara ganin yadda zan wuce rijiya riga a kumbure, 'yan mata na raɗa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, ba jandarma ba. Ka san ni.

Rumbunka ne, matarka ce, uwarka ce. Ka ce a saya ko a bari.

Ubangidanka Manzo

Affala, uku ga Jimada Awwal

Nomau, gaisuwa. Mako uku ba amsa. Ko kana lafiya? Mu lafiya. Kada ka aiko a sayi komi sai ka karanta wagga.

Na zauna na yi tunani, yaushe gidan nan ke zama ba kowa? Ran Litinin, da rana tsaka, kowa na layin dawa. Sai na ce cikina na ciwo, na ƙi zuwa. Na laɓe bayan darni da sanda a hannu.

Rana na tsaka sai ga mutum, dogo, ramamme, fuska rufe da rawani. Ba saɗaɗawa shike ba, tafiyarshi kawai shike. Ya hau rumbu ya fara kwance igiya. Na ɗaga sandar da hannu biyu yadda Alhusaini ya nuna mani, na daidaita bayanshi, na ce "tau" cikin bakina. Da bindigar ce a hannuna, Nomau, da na danna. Ban yi shakka ba ko ta ƙiftawar ido. Sannan na yi tsawa.

Ya juyo ya sauke rawanin kaɗan ya ce, "Manzo, ina wuni?"

Rissa ne. Rissa na Buzayen da ke sauka gonar babanka kowane rani, shanunsu su zuba taki a ba su hatsi. Wanda kuke kokawa da shi kuna yara. Shanun sun mutu duka can arewa. Shina bayan tudu cikin fadama da matarshi da ɗiya huɗu, ƙarƙashin bukkar fata guda. Sunanshi ba shi cikin na garinmu, don haka soji ba su ba shi dawa.

Ya fiddo dami ɗaya, ya mayar da murfi, ya ɗaure, ya sauko. Ya ce, "Tsohuwa ta gaya mani saƙon Nomau, cewa in riƙa ɗaukar ɗaya ran Litinin har ruwa shi sauka. Ka ce mashi na gode. Da na zo da kaina in faɗi, amma ba na son mutane su gan ni da dami a ka." Na ce to, za shi ji.

Da Gwaggo ta dawo layi na tare ta. Na ce, "Ke kika ce?" Ta ce, "Ni na ce." Na ce mi ya hana ki sa ni in fiddo mashi? Ta ce, "Kai? Kafin la'asar gari ya sani, har ka yi ma bawan Allah waƙa. Ni ba na hawa rumbu, kai ba ka riƙe baki, sai na ce shi hau." Na ce to ki aika ma mai rumbun mana. Ta dube ni ta ce, "In yi magana da wa?" Na manta kai ne ɗan fari. Matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba, ita za ta roƙe ka hatsi?

Ɓarawon ke nan. Ka bar zancen bindiga.

Manzo

Arlit, 9 Fabrairu 1985

Manzo. Ina lafiya. Motar direba ta lalace a Agadas, sai jiya ya kawo mani takardunka biyu tare.

Ta fari ka ce ka yi mani ƙarya, kuma ka ce kana tsoron jandarma. Ta biyu sai ga labari mai daɗi, wanda ya sa ba sai ka ɗauko bindiga ba. Ka ga yadda sunka zo daidai?

Na san Rissa. Ya gwammace shi mutu da shi hau rumbun wani. Na san tsohuwa. Tun tasowata ba ta bar baƙo ya leƙa rumbun gidan nan ba, kuma ba za ta yi ƙarya da sunan da ba ta ko faɗi ba. Kai ne ka taɓa rubuto mani cewa liman ya rasu, na yi kuka na yi sadaka, ashe akuyarshi ce. Ko dai kai ke ɗiba kana sayen shayi da taba, ko kana rufa ma wani abokinka. In haka ne ka faɗi, za mu ji da shi a gida. Amma kada ka sa uwata cikin wasanka.

Na cire ka daga zancen. Na karɓi buhun shinkafa a kantin ma'aikata. Ƙarshen wata direba za shi kai ma Alhusaini, shi karɓo bindigar, shi kawo ta Affala hannun Zaliha. Ka gaya mata ran Litinin ta bar zuwa layi, ta zauna gida.

Nomau

Affala, ƙarshen Jimada Awwal

Zuwa ga yayana Nomau. Na roƙe ka don Allah ka karanta har ƙarshe. Da ƙafa zan kai wagga Tawa in nemi duk motar da ke tashi arewa.

Zancen shayi da taba ya yi mani zafi, amma ni na saya da bakina. Liman ma ya yafe mani, kai ba ka yafe ba. Bari wannan.

Na gaya ma Zaliha komi, ta yi dariya ta ce in bar ta da aikinta. Na ce ta tambayi Gwaggo, ta ce ita ta tsare surukarta da tambaya? Ta ce abin da mijinta ya ce shi za ta yi. Na yi niyyar in je in gaya ma Rissa kada shi sake zuwa. To in ce mashi mi? In ya ji ba ka taɓa aiko da saƙo ba, ya san wata biyu sata shike yi. Ranar za shi naɗe fatarshi shi shiga daji da ɗiya huɗu, kuma ka san abin da ke dajin bana.

Sai na karanta ma Gwaggo takardarka. Ta saurara har ƙarshe. Can ta juya ta fuskanci bango ta ce in ɗauko alƙalami. Ga maganarta yadda ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba.

"Ka ce ma wancan, waccan yunwa ta shekara sha ɗaya baya, da ƙanwarshi Jummai ke kwance ba ta iya haɗiye tuwo, kullum shina shigowa da nono cikin gora shi ce makiyaya sunka ba shi. Ba ba shi anka yi ba. Baƙar akuyar baban Rissa shike tatsa a ɓoye gindin aduwa. Tsohon ya gan shi tun ranar fari. Akuya biyar ta rage mashi duniya. Bai ce komi ba, sai ya riƙa ɗaure ta a aduwar nan kullum, shi tafi nesa shi juya baya. Matarshi ta gaya mani a rijiya. Ban tambayi wancan ba, ban gaya ma ubanshi ba. Jummai tana ɗakin mijinta yau da ɗiya biyu. Ka ce mashi na yi ƙarya da bakinshi, shi yafe. Rumbunshi ne. In bindiga za ta shigo, a bar ni in fita tukuna."

Da ta gama ta ce in tashi in ba ta wuri, na cika mata ɗaki da wari.

Yaya, ni ban san wanga labari ba sai yau. In ƙarya ne, kai kaɗai ka sani. Ka tsayar da direba.

Ƙanenka Manzo

Arlit, 24 Fabrairu 1985

Zuwa ga Manzo. Gaisuwa. Takardarka ta same ni jiya da hantsi a wurin aiki. Na nemi izini na ruga tasha, na tarar direba na ɗaure tanti. Na ce kada shi je wurin Alhusaini don bindiga. Shinkafar ta riga ta hau mota, za shi sauke maka ita a Tawa. Ka ɗibar ma tsohon kwano biyu saboda mun sa mashi rai, sauran ka ɗora ma jaki.

Akuyar ba baƙa ba ce duka, tana da fari a goshi. Shekara sha ɗaya ina zaton ni da Allah kaɗai munka sani.

Ba zan ce tsoro ya bar ni ba. Abin da ya sami mutumin Bambeye na iya samunmu, kuma da baki tara a kan rumbun nan ban ga yadda za shi kai damina ba. Na kwana da wannan. Ka ƙara ƙaya bayan darni. Zan riƙa aiko da abin da na samu.

Kada Rissa shi ji komi. Ran Litinin kowa shi tafi layi, har Zaliha, har kai da ciwon cikinka. Zancen shayi da taba na janye. Ka ci gaba da hawa ran Juma'a, kuma ka koma kirana bawa, wannan "yaya" taka ta tsorata ni fiye da komi.

Saƙon da tsohuwa ta kai ma Rissa, daga yau nawa ne, ni na faɗa. Ba abin yafewa. Kada ka karanta mata wagga duka. Ka tsaya bakin ƙofarta kawai, ka ce wancan ya ji.

Nomau